Mage a Hawa na Huɗu

Gwiwa ce ta kawo ni Abuja.
Likita ya ce a yi hoto, a sake yi,
sai na sauka wajen Kubura a Gwarimpa,
hawa na huɗu, matakala sittin da biyu,
da ƙafar da ke ciwo na ƙirga su.

Ban rufe baki daga sallama ba
wata farar aba ta shinshina bakin zanena.
Kubura ta ce, "Inna, ga Alewa."
Na waiga ina neman yarinya.

Ashe mage ce.
Mage mai suna, mai katin asibiti,
da hotonta manne kamar za ta Makka.
An yi mata allura uku, an yanke mata farce.
Abincinta a buhu yake zuwa, ƙwaya-ƙwaya.
Na tambayi kuɗinsa, aka faɗa,
na ce a maimaita.
Na auna shi da mudun acca a raina
har lissafi ya ɓace mini.

Mu ma a Gangare mun yi mage.
Ba ta da suna, "ke!" ake ce mata,
ladanta ɓeran da ta kama a ɗakin girki.
Mu goma sha tara ne a gidan nan,
ga tantabarun Baba, ga akuyar Goggo Tasalla.
Wa ke da cinyar bai wa mage?
Kowace cinya da yaro a kanta.

Nan kuwa Kubura kan fita da duku-duku
don kar cunkoso ya riƙe ta a hanya,
ta dawo bayan isha da takalmi a hannu.
Mai gidan yana Legas, sai ƙarshen wata.
Maƙwabcin da muke ƙofa da ƙofa
motarsa kawai na sani.
Ba mai aiko yaro roƙon gishiri,
ba 'yar tallar ƙosai, ba kuka, ba faɗa,
sai firiji yana gunaguni shi kaɗai.

Rana ta tara ce, ina jin.
Na idar da azahar ina lazimi,
ta zo ta kwanta a gefen sallaya.
Na ce, "Ke ba ki da aikin yi?"
Ta lumshe ido.
Na ce, "To, ni ma haka."
Kafin la'asar na ba ta labarin Malam,
yadda ya rasu tsakiyar damina,
yadda aka ja igiya aka raba gidan,
har abin da ban taɓa gaya wa Kubura ba.
Ba ta ce mini "sai haƙuri" ba,
shi ya sa na kai ƙarshe.

Cikin dare na tashi shan ruwa,
na tarar da Kubura zaune a ƙasa,
ko kayan ofis ba ta cire ba,
Alewa a ƙirjinta, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa
da muryar nan da take kawo mini ƙara
tana 'yar shekara shida.
Na koma ɗaki da ƙishirwata.

Ranar tafiya na ƙulle kan kifi banda
a gefen zane, na ba ta a bayan ƙofa.
Ta cinye har ƙaya, ta lashe mini yatsa.
Ba mu kai Akwanga ba waya ta yi ƙara:
wai Alewa ta yi amai a kan kafet,
wai me na ba ta?
Na ce, "Abincin mage."
Muka yi shiru,
can sai dariya ta ƙwace wa Kubura.

Yanzu in ta kira
nakan tambayi aiki, in tambayi mai gidan,
in tambayi wutar lantarki da tsadar gas,
in yi ta kewaye-kewaye
har kati ya kusa ƙarewa,
sannan in ce, "Ita fa waccan? Tana ci?"

Gwiwar dai tana nan yadda take.